Garin Baba Ba Ya Cikin Rahoton

Litinin, 7 ga Yuli, bayan La'asar

Yau an yabe ni a gaban kowa. Bari in rubuta yadda abin ya kasance tun kafin raina ya fara ƙara masa gishiri.

Malam Sha'aibu, shugaban sashenmu, ya haska rahotona a bango wajen taron safe. Ya gangaro da shi daga ƙauyukan Bebeji, ya bi Kiru, ya bi Tudun Wada, har Doguwa, yana neman sifili kamar yadda ya saba duk Litinin. Bai samu ko ɗaya ba. Ya cire tabarau ya ce, "Alhamdu lillahi. Tun da na fara aikin nan ban taɓa ganin daminar da malaman gona suka taka kowane gari ba sai bana." Sannan ya juyo ya ce, "Hamdiyya, Allah Ya yi albarka." Na sunkuyar da kai na ce amin.

Ga aikin da aka ba ni, don kada wata rana in manta da me na fara. Ƙungiyarmu tana tura malaman gona ƙauyuka su duba tsutsar masara, su shigar da abin da suka gani ta waya. Malam da kansa ya rubuta tambayar da ke ciro lissafin daga rumbun bayanai, da yaren SQL, tun ina sakandare. Ita ke fito da kowane gari, da sau nawa aka je, da gonaki nawa tsutsa ta kama. Da ita ake raba maganin feshi. Garin da ya fito da sifili, wato ba a je ba, a ranar ake tura mutum a babur. To yanzu masu ba mu tallafi suna son rahoto mai launi wanda za su buɗe daga ofishinsu, shi kuma ba ya jin SQL, DAX yake ji. Aikina in mayar da tambayar Malam zuwa DAX.

Na gwada jimlar ziyara, ta yi daidai da ta Malam. Na gwada jimlar gonaki, ta yi daidai. Na sake gwadawa ranar Alhamis, na sake ranar Juma'a.

Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai a makon jiya. Sagir, wanda teburinsa ke kusa da nawa, ya leƙo ina gwajin garuruwa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Amarya, buga mana garin surukai mu ga ko tsutsa ta bar muku na biki." Ya kuma faɗi sunan da ƙarfi, har masu shara suka yi dariya. Na ce masa ya ji tsoron Allah.

Garin su Ammar ne, wanda zan aura, can bayan Burumburum. Kakan Baba, wato mahaifin Ammar, shi ne ya kafa shi, aka sa wa garin sunansa, Baba kuma sunan kakan nasa ya ci. Saboda haka sunan garin sunan Baba ne. Tun da aka sa mana rana ban ƙara furta shi ba, kuma ko a nan ba zan rubuta ba. Garin Baba, shi ke nan.

Ƙofa na buga a madadinsa, garinmu. Ya fito daidai.

Laraba, 9 ga Yuli, kafin Magariba

An fara lodin magani. Habu direba ya yi Bebeji jiya, yau Kiru. Da rahotona ake yi.

Gwaggo Maimuna, wadda nake zaune a gidanta nan Tudun Wada, ta gaya wa maƙwabta wai ni ce ke gaya wa mota inda za ta. Na ce Gwaggo ba haka ba ne. Ta ce, "To wa ke gaya mata?" In an bi diddigi, haka ne.

Lahadi, 13 ga Yuli, bayan La'asar

Ammar ya biyo ta nan a kan hanyarsa ta dawowa daga gida, gobe yana da aji. Muka zauna a zaure, Gwaggo ta aiko da zoɓo.

Ya ce, "Mutanen ofis, ko kun manta da mu ne?" Da wasa ya faɗa. Ya miƙo mini waya, hoton ganyen masara ne, duk ƙofofi kamar rariya. Gonar Baba ta bakin rafi, wadda aka fara shukawa.

Na ce, "Malam Idi bai zo ba?" Shi ne malamin gonar yankin.

Ya ce tun da ruwa ya ci kwalbatin rafi ba wanda ya ga Malam Idi a ƙetaren. Malam Idin dai ya yi wa mai unguwa waya ya ce kada su damu, ofis za su ga babu rahoto daga can, su turo mutum da magani. Haka ake yi duk shekara. Yanzu toka da yashi suke zubawa a ƙoƙon masarar da hannu, gona guda, tun asuba.

Ya ce, "Kin san me Baba ya ce wa mutane? Ya ce ku kwantar da hankalinku, muna da 'ya a ofishin."

Na yi murmushi. Na san na yi murmushi don na ji fuskata tana yi.

Malam ya ce kowane gari an je. Ammar ya ce ba a je ba. Ammar ba ya ƙarya.

Jimla ta yi daidai.

Litinin, 14 ga Yuli, da hantsi

A bayan ofis nake rubuta wannan, gindin darbejiya.

Na riga kowa zuwa. Na waiga, sannan na buga sunan garin Baba a wurin bincike. Yatsuna ne suka yi, ba bakina ba, duk da haka sai da kunnuwana suka yi zafi. Babu. Na ɗauka an rubuta shi wani iri ne, na gwada a gajarce, na gwada rabinsa. Babu.

Na kunna tsohuwar tambayar Malam. Garuruwa 214. Rahotona 208.

Shida ne, dukkansu a ƙetaren rafin nan, dukkansu da sifili a gabansu a tambayar Malam.

Ban daɗe ba na gano. Tambayar Malam daga garuruwa take farawa, ta kira kowa kamar malamin aji, sannan ta nemo masa ziyararsa. LEFT JOIN ke nan. Wanda bai amsa ba ta rubuta masa sifili. Ni kuwa COUNTROWS na rubuta, ya ƙirga ziyarori. DAX idan ya ƙirga bai tarar da komai ba, ba ya cewa sifili, BLANK yake bayarwa, wato wayam. Allon kuma ba ya nuna layin da yake wayam. Garin da ba a je ba, maimakon ya fito ya yi kuka, sai ya ɓace.

Jimla ta yi daidai don sifili ba ya ƙara wa jimla komai. Jimla na ƙirga, ban ƙirga garuruwa ba.

Da na buga sunan ranar da Sagir ya ce in buga, da na gani tun kafin a loda kwali ɗaya.

Gyaran kuwa alamar tarawa ce da sifili a ƙarshen layi. Na yi a kwafin da ke kwamfutata, garuruwa shida suka dawo. Ban tura shi ba.

Aka shiga taro. Malam ya haska tsohon, ya gangara, ya ce, "Wannan makon ma babu sifili." Na buɗe baki, sai ya ce gobe baƙi za su zo daga Kano su ga aikin Hamdiyya, kowa ya zo da wuri. Na rufe bakina.

Talata, 15 ga Yuli, bayan Azahar

Baƙi sun zo, mace ɗaya da maza biyu. Matar ta riƙe hannuna ta ce irin mu ake nema. Ta tambaya ko an tabbatar lissafin ya dace da tsohon. Malam ya ce, "Jimla ta yi daidai, ni ma na duba." Ta kalle ni. Na ce, "Jimla ta yi daidai."

Ban yi ƙarya ba. Na sake duba kalmomin ɗaya ɗaya a hanyar gida, babu ƙarya a ciki. Ban san me ya sa na kasa cin abinci ba.

Ni na buga takardar wayar da kan manoma a watan jiya, saboda haka na sani: tsutsar tana ƙarama a kan ganye magani ke kashe ta. In ta girma ta shige ƙoƙon masarar ta lafe, feshi da wuya ya kai gare ta.

Laraba, 16 ga Yuli, da safe

Yau zan faɗa.

Laraba, bayan La'asar

Ban faɗa ba. Na je har ƙofar ofishinsa, yana waya yana dariya. Na tsaya kamar mai gyara takalmi, na dawo.

Na bi ta kasuwa na sayi kwalba biyu ta maganin, na kai wa Ammar makaranta na ce ya ba ɗan acaba ya kai. Ya ce, "Daga ofis?" Na ce ya dai aika.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan Azahar

Na tura gyaran ba tare da na gaya wa kowa ba. Yanzu duk wanda ya buɗe rahoton zai ga sifili shida. Na ce a raina shi ke nan, Malam zai gani da kansa, ya tura mota, ba sai na yi magana ba.

Sai Habu ya shigo neman makullin sito, na ji yana gaya wa Sagir lodi ɗaya ya rage, na zagaye na biyu a Kiru. Gobe za a loda, jibi da sassafe ya tafi, daga nan sito wayam sai wata mai zuwa. Malam kuwa ba ya buɗe rahoto sai Litinin.

Ammar ya kira. Baba ya ce a gode mini. Bai fesa a gonarsa kaɗai ba, ya raba da maƙwabta uku, kowa ya samu abin da bai kai ya kawo ba. Wai ya ce a masallaci ofis sun fara tunawa da su, sauran na tafe.

Ko na faɗa ma, me Sagir zai ce? Amarya ta karkatar da mota zuwa garin surukai. Mutanen Kiru kuma an riga an yi musu alkawari.

Wannan ba dalili ba ne. Na san ba dalili ba ne.

Alhamis, bayan Magariba

Gwaggo ta ga tuwona bai taɓu ba. Ta ce, "Ke da Ammar ne?" Na ce a'a. Ta ce, "To aljanun kwamfuta ne." Sai na gaya mata. Ban yi mata bayanin BLANK ba, na ce dai akwatin ya haɗiye garuruwa shida ta hannuna, har da garin Baba, kuma da na yarda na buga sunan da na gani.

Ta ce, "Wane suna? Na surukinki? A ofis, a gaban maza? Kin yi daidai da ba ki buga ba. 'Ya'yan yanzu har sunan miji suke kira kamar suna kiran akuya."

Ta ce ita har Kawu, mijinta, ya bar duniya bakinta bai taɓa ɗaukar sunansa ba. Ranar da ta kai shi asibiti, mai yankar kati ta ce sunan mara lafiya. Ta ce mata, "Annabin da kifi ya haɗiye." Yarinyar ta ce Musa? Ta ce, "Ke, ba ki yi Islamiyya ba?" Sai da wani tsoho a layi ya ce Yunusa, sannan aka yanki kati.

Na yi dariya har da hawaye, daga nan hawayen suka ƙi tsayawa.

Ta bar ni na gama. Tana kwashe kwanuka ta ce, "Amma fa ni ranar akwai tsoho a layi."

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan Sallar Juma'a

Zan rubuta a jere, kada in tsallake inda ba na so.

An ɗauke wuta tun safe, janareta ba mai, kwamfutata ta mutu kafin in nuna wa kowa komai. Na yi niyyar in juya masa allon kawai in ce, Malam duba. Allah bai nufa ba.

Na same su a bakin sito. Habu yana kan mota yana karɓar kwalaye, injin yana aiki don batirin ba ya riƙe wuta. Sagir yana ƙirga. Malam yana tsaye da lema.

Na ce, "Malam, akwai magana."

Ya ce, "Bari a gama lodi."

Na ce, "A kan lodin ne."

Na faɗa. Na ce akwai garuruwa shida da ba a je ba tun da kwalbati ya karye, rahotona ya ɓoye su, kuskurena ne wajen mayar da tambayarsa, sifili ya zama wayam. Ya gane nan take, na ga fuskarsa ta canja tun kafin in kai ƙarshe. Ya ce, "Inna lillahi." Sannan ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

Na ce, "Tun Litinin."

Ya kalle ni. Ya ce, "Kuskuren ba komai ba ne, ni ma jimla na duba. Amma Litinin, Hamdiyya..." Bai ƙarasa ba. Da ya ƙarasa da ya fi mini.

Ya ce, "Waɗanne garuruwa?"

Na kira biyar. Na tsaya.

Ya ce, "Kin ce shida."

Na kalli Sagir. Kullum sunan yana bakinsa, ko ba a tambaye shi ba. Yau ya sunkuyar da kai yana kallon kwali. Bai san garin yana ciki ba, ko kuma ya sani ya bar ni, ban sani ba. Malam bai san komai a kan ni da garin ba, yana jira kawai.

Na faɗa.

Habu ya leƙo daga kan mota ya ce, "Ina? Ban ji ba, injin nan!"

Na sake faɗa.

Ya ce, "Wacce? Akwai wata mai irin sunan ta wajen Doguwa."

Na ɗaga murya na faɗi sunan, na ce ta bayan Burumburum, ƙetaren rafi. Har mai gadi ya juyo.

Ba wanda ya yi dariya.

Malam ya ce lodin ya fasa zuwa Kiru. Ya ce Sagir ya kira mutanen Kiru ya ba su haƙuri. Ina zaune ina jin wani yana yi wa Sagir faɗa ta waya har muryar tana fitowa, yana ta cewa, "Gaskiya ne, Alhaji. Ku yi haƙuri, Alhaji." Bai ce laifin wa ne ba. Da ya gama ya ce, "Hamdiyya, miƙo mini biro." Tun da aka sa mini rana bai kira ni da sunana ba sai yau.

Malam ya ce gobe in bi mota.

Asabar, 19 ga Yuli, bayan Magariba

Mota ta tsaya a bakin kwalbatin. Rabinsa ya zube, ruwa yana bi ta ƙarƙashi ja wur. Malam Idi ya zo ya same mu a can, ya yi ta cewa shi ya ɗauka ofis sun gani. Na ce ba laifinsa ba ne. Samarin garuruwan suka ƙetaro, ruwa iya cinya, suka riƙa ɗaukar kwalaye a ka. Ni aka nuna mini wani wuri can sama inda duwatsu suke, na tattare zani na wuce.

Gonar Baba ce ta farko da mutum zai gani in ya hau gaɓa.

Na ga hotuna da yawa a ofis. Hoto ba ya wari. Masarar ta kai ƙirjina, amma ganyen ya zama tsumma, a ƙoƙon kowacce akwai kashin tsutsar kamar dusar katako mai danshi, gauraye da tokar da suka zuba. Malam Idi ya buɗe guda, ga ta kwance, ta kai tsawon yatsana. Ya buɗe wata, zuciyar ta riga ta ruɓe. Ya girgiza kai. Ya ce gonakin da aka shuka daga baya, na kan tudu, in an fesa yau da yamma da gobe da safe, za su tashi in Allah Ya so.

Baba ya fito da kansa. Na durƙusa na gaishe shi, ban ɗaga kai ba. Ya ce, "Sannu da hanya, 'yata. Har da ke a cikin ruwan nan?" Ya juya ga mutane ya ce, "Ban gaya muku ba?"

Aka kawo mini fura a sabuwar ƙwarya. Na sha don ba yadda zan yi.

Da aka zo rabo, ya ce a fara da na kan tudu, tasa ta bakin rafi kada a ɓarnatar da magani a kanta.

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan La'asar

Na gaya wa Ammar duka, a zaure. Har da Litinin. Har da kwalba biyu.

Ya daɗe yana juya makullin babur a hannunsa. Ya ce, "Ranar da na nuna miki hoton kin sani?" Na ce a'a, washegari. Ya ce, "Ranar da kika kawo kwalaben fa?" Na ce na sani.

Ya ce gonar bakin rafi ita Baba ya ware don rufin ɗakinmu da hidimar biki. Na ce na sani. Wannan ma na sani.

Ya ce, "In gaya masa?"

Na ce, "Ka gaya masa. Kada ya ƙara cewa ban gaya muku ba."

Bai sha zoɓon ba.

Litinin, 21 ga Yuli, da hantsi

Sifili bai fito ba a taron yau, don an je duk shidan. Malam bai ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba. Ya ce a ƙirga garuruwan. Aka ƙirga.

Ya ce in rubuta wa mutanen Kano bayanin abin da ya faru da hannuna, shi zai sa hannu a ƙasa. Ya kuma ce daga yau duk abin da na mayar daga SQL sai Sagir ya sake dubawa. Na ce to.

Na ƙara wani ɗan akwati a saman rahoton: garuruwan da ke rumbu, garuruwan da ke allo. In suka bambanta ya yi ja.

Laraba, 23 ga Yuli, bayan La'asar

Ammar bai kira ba.

Alhamis, 24 ga Yuli, kafin Magariba

Bai kira ba. Gwaggo ta ce namiji in yana fushi kamar tukunyar ƙasa mai zafi ne, ba a zuba mata ruwan sanyi. Na ce ban san ko fushi ne ba. Ta ce, "To ki ci tuwo kafin ki sani."

Malam Idi ya shigar da rahoto daga ƙetaren: na kan tudu sun fara fitar da sabon ganye ba ƙofa. Na karanta layin sau da yawa.

Habu ya ba da labarin sito a garejin Burumburum, mai gadi ya gaya mini. Wai yarinyar ofis ta tsaya a gaban maza tana kwaɗa kiran sunan surukinta har sau uku. To labari ya kai can ke nan.

Lahadi, 27 ga Yuli, bayan La'asar

Ammar ya zo. Ya rame, ko idona ne.

Ya ce an sare masarar bakin rafi, an ba shanu. Jiya suka shuka wake a wurin, shi da ƙannensa. Wake ba zai yi rufin ɗaki ba. Iyaye za su zo Ƙofa su nemi a ɗaga ranar zuwa bayan kakar baɗi, ko kafin nan in Allah Ya buɗa. Na ce Allah Ya kai mu. Ya ce amin, bai kalle ni ba.

Na ce, "Ka gaya masa?"

Ya ce ya gaya masa ranar Juma'a, su biyu, a hanyar dawowa daga masallaci. Baba ya saurara har suka kai gida. Bai ce ba komai ba, bai kuma ce akwai komai ba. Ya dai daina maganar ofis.

Sai yau da safe, Ammar yana ɗaure kaya a babur, Baba ya fito ya ce, "An ce yarinyar nan ta kira suna a gaban mutane." Ammar ya ce haka ne. Baba ya ce, "Ka ce mata kada ya dame ta. Sunan kakana ta kira, shi ke da garin."

Na rufe fuska da mayafi.

Ammar ya ce, "Maganar masara kuwa bai aiko da komai ba." Na ce na gane.

Ya ɗauki kofin zoɓon, ya sha rabi.

Litinin, 28 ga Yuli, da hantsi

Kafin taro Sagir ya jawo kujera don ya duba aikina kamar yadda aka ce. Ya ce, "To Amarya, da wane gari za mu fara?" Ya faɗa a hankali, yana kallon allo.

Na faɗa masa sunan garin Baba. Na buga da kaina.

Akwatin sama bai yi ja ba. 214, 214.

Unguwar Mudi. Ziyara biyu. Masarar bakin rafi, sifili.